Sai Na Fita Waje Nake Ganin Ɗana

Ɗana Florentin ya tafi kamun kifi Terre-Neuve, can ƙetaren teku, tun watan Maris, a jirgin mutanen Fécamp, garin da ke kusa da mu. Jirage kan dawo a Oktoba. Nuwamba ya kama, nasu shiru. Kullum nakan hau tudu in duba teku, in sauko in ce wa Zélie, uwarsa, iska ce ta tsare su.

A masaukin garinmu, Yport, akwai wani mai zane daga Paris, Hardouin, da ya kusa shekara yana kafa allonsa kan tsakuwar bakin ruwa. Mai masaukin ce ta gaya mini ya zana Florentin kafin ya tafi, ranar da muke jan kwalekwale da igiya zuwa gaɓa. Na sa rigata mai kyau ta Lahadi na je.

Hardouin ya jingina zanen da bango. Na matsa har ina jin warin fenti. Ba komai sai dabbaren shuɗi da ruwan toka, da wani ɗigon ja.

"Yallaɓai, ina fuskar?"

"Babu fuska, baba Anthime. Ba mutum ɗaya na zana ba. Ɗan Adam ne yake kokawa da teku. Igiyar nan kuwa rayuwa ce."

"Igiyar Prosper ce, abokin kamun kifinmu," na ce. "Tun lokacin ta kusa tsinkewa."

Ya yi dariya, ya kama kafaɗata yana ja da ni baya har na jingina da taga. "To, duba yanzu."

Sai ga Florentin. Jar hular da uwarsa ta saƙa, da kafaɗar hagun nan da ta sauka tun faɗuwar da ya yi yana ƙarami. Ko cikin mutum ɗari zan tsamo shi.

Hardouin ya ce ranar Alhamis zai tafi da zanen Paris, wurin baje koli. Na tsaya ina murza hulata.

"Faɗa mini kamanninsa," in ji shi, "in zana maka fuskar a ƙaramin allo."

Na yi ƙoƙarin tuno fuskar. Shekara ashirin da biyu ina tare da yaron, amma ƙeyarsa kawai ke zuwa mini, shi a goshin kwalekwale, ni a baya ina tuƙi.

"Bar shi, yallaɓai. Haka na san shi."

Ranar Laraba sai ga shi a ƙofata da zanen naɗe a buhu. "Aro ne. Ranar da jirgin ya shigo, ka aiko mini."

Muka rataya shi a bangon da ke kallon ƙofa. Sai dai ɗakinmu taku huɗu ne, duk inda ka tsaya fenti kawai kake gani.

"Wannan ne ɗan nawa?" in ji Zélie. "Kamar inda aka goge hannu."

Na riƙe hannunta muka fita, muka tsallake lungun, har bangon maƙwabciyarmu Albertine. Na juyo da ita. Sai ta ce hular ta yi masa kaɗan, ta sani tun tana saƙa ta.

Tun ranar ƙofarmu a buɗe take, duk sanyin nan. Albertine kan leƙo ta taga.

"Anthime, korarka aka yi? Ko titi kuka ɗauki nauyin ɗumamawa da itacenku?"

"Mayar da kanki, tsohuwa, kada iska ta tafi da sauran haƙoran."

Jiya wasiƙar Hardouin ta iso, layi biyu, yana tambaya ko ya sa ran zanensa. Ban amsa ba tukuna. Buhun na nan ninke a ƙarƙashin gado, na ajiye igiyar ɗauri a kai. Babu abin da nake so kamar ranar da zan sauke zanen nan, in rufe ƙofata.