Zanen Kaka Sulieti

Malama Losaline ce ta kawo tsarin, wai kowace Juma'a bayan an tashi, 'yan aji biyu na makarantar midil su fita aikin taimakon jama'a. Wasu aka ba su sharar harabar coci, wasu tsintar robobi a bakin teku. Ita kuwa Kalolaine, da yake ranar ba da sa'a ta tashi ba, ita da ƙawayenta uku aka tura gidan Kaka Sulieti, tsohuwar da ko kaji ba sa ratsa tsakar gidanta saboda masifa.

Da tsintsiya suka je ranar farko. Tsohuwa ta dube su sama da ƙasa, ta ce gidanta ya fi na iyayensu tsabta, in taimako suka zo yi da gaske su ajiye tsintsiya su zauna. Ta nuna musu gungumen bugu a ƙarƙashin mangwaro, ta ce ngatu take so, zanen ɓawon itace, wanda za a naɗe ta a ciki ranar da ta mutu.

Yara suka kalli juna. Sulieti fa, wadda a zamaninta babu macen da ta kai ta bugu a duk tsibiran Ha'apai, ita ce ba ta da zanen binnewa? To gaskiya ne. 'Ya'yanta biyar duk suna ƙasashen waje, kuma kowane aure, kowace haihuwa, kowace rasuwa, sai a bugo waya a ce Mama a aiko da zane. Ta aika, ta aika, har ƙarƙashin gadonta ya zama wayam. Da ta yi ƙorafi sai suka aiko mata da irin na yanzu da ake yi da yadin kanti. Ta shimfiɗa wa karenta shi. Ga hannunta ya riƙe, ko sandar bugu ba ta iya ɗagawa.

Ɗaya daga cikin yaran ta yi subutar baki, ta ce ai maƙwabciyarta Vika tana da su tuli, in ta kama sai a ara. Wai! Har bakin hanya aka ji tsohuwa. Shekara talatin ba sa ga-maciji da Vika, tun wata rigima kan alade da ya shiga gonar rogo. Ta ce zanen Vika ana hango rana ta cikinsa, gara a naɗe ta da ganyen ayaba.

Haka aka fara. Suka koyi sare itacen, da ɓare ɓawon, da jiƙa shi, da bugu har ya buɗe ya yi laushi ya yi fari. Ƙawayen Kalolaine, wadda ake kira Kalo, suna zuwa Juma'a kawai, yadda makaranta ta ce. Ita Kalo sai ta koma zuwa kullum. Ba ta san lokacin da abin ya shiga ranta ba. Tun asuba har yamma tsibirin ba ya rabuwa da ƙarar bugun mata, kowane gida da nasa salon, kuma ranar da ta ji nata bugun ya shige cikin na manya bai yi dabam ba, da murmushi ta koma gida. Tsohuwa dai ba ta yabo. In ta ce, “Ke mai hannun kifi, yau da ɗan dama,” to an gama yabo ke nan. Amma kullum akwai dafaffen gwaza da madarar kwakwa a rufe a kwano, wai saura ne, kada ya lalace.

Wata bakwai suka yi. Suka haɗa ƙyallayen da ƙullun rogo, suka goga rini, tsohuwa na zaune tana nuni da sanda tana faɗa, Kalo ta ja zanen tsuntsaye da baƙi. Ranar da aka shanya shi a rana, Kaka Sulieti ta shafa gefensa da bayan hannu. Daga baya ta ce a naɗe a saka ƙarƙashin gado, yanzu kam ko gobe aka kira ta a shirye take.

Sai ga takarda daga babban birni, Nuku'alofa. Za a yi bajekolin ayyukan ɗalibai na duk makarantun midil, kuma akwai kofi. Makarantarsu ba ta taɓa cin ko cokali ba. Malama Losaline ta ce hoto ba zai wadatar ba, sai alƙalai sun taɓa zanen da hannunsu. Ta san in ita ta je tsohuwa za ta koro ta, don haka Kalo ta aika. Kuma kada a ɗora wa Malama duka laifin. Kalo tana son kofin nan. Tana son ta hau jirgin ruwa, ta ga babban birni, a kira sunanta a lasifika. Shekararta goma sha uku, wa zai ce kada ta so?

Kwana uku tana lallashi. Tsohuwa ta ce zanen binnewa ba ya yawo, ba a san ranar ba. Kalo ta ce jirgin Litinin za su bi, na Asabar ya dawo da su.

“Kwana shida ne kacal, Kaka. Ga ki garau, jiya ma ke kika kori karen Vika da jifa.”

Tsohuwa ta yi tsaki, ta ja naɗin daga ƙarƙashin gado da ƙafa.

“Ɗauki. In sun tambaya ki ce koyarwar Sulieti ce. Amma ki dawo min da abina, Kalo, ba ni da wani.”

Ranar ce ta fara kiran ta da sunanta.

Sun ci. Ranar Alhamis aka kira makarantarsu, Kalo ta hau dandamali, wata babbar mace ta rataya mata furanni a wuya, ta ce rabonta da ganin bugu mai kauri haka tun na kakarta. Kalo ta haddace maganar kalma-kalma don ta kai wa tsohuwa. Har ta shirya yadda za ta faɗa, da yadda tsohuwa za ta taɓe baki ta ce su me suka sani. Ta dai lura tun daga safiyar ranar Malama Losaline ba ta da walwala, tana yawan fita amsa waya, a jirgi ma ta juya baya tana kallon ruwa. Kalo ta ɗauka jirin teku ne, har ta miƙa mata lemo.

Da hantsi jirgi ya tsaya. Kalo ta sauko da kofi a hannu ɗaya, naɗin zane a kafaɗa. Taku kaɗan ta yi ta tsaya. Wani abu ba daidai ba, ta rasa mene ne. Ga teku, ga zakaru na cara, ga yara. Sai ta gane. Babu bugu. Ko gida ɗaya. Asabar da hantsi, rana ta fito, amma gungume ko ɗaya ba ya magana, kuma duk ɗan tsibirin ya san abu ɗaya ne ke sa mata su ajiye sanda.

Ta hango mahaifiyarta a bakin gaɓa cikin baƙaƙen kaya, da tsohuwar tabarmar makoki ɗaure a ƙugu. Kalo ba ta tambayi wa ya mutu ba. Abin da ya fito daga bakinta shi ne, “Da me aka naɗe ta?”

Mahaifiyar ta sunkuyar da kai. Ta ce Laraba da yamma ne Kaka Sulieti ta cika, tana zaune ƙarƙashin mangwaro. Ga zafi, ba wurin ajiye gawa, ba jirgi, dole aka binne ta Alhamis. Ita ce ta roƙi Malama kada a faɗa mata sai an dawo. Kalo ta sake tambaya, da me aka naɗe ta. Uwar ta ce Vika ce ta kawo nata.

Kalo ta ajiye kofin nan a kan yashi, ba ta ko waiwaye shi ba. Ta miƙe hanyar maƙabarta da naɗin a kafaɗa, uwarta na bin ta tana cewa hadari na haɗuwa, ruwa zai narkar da shi, aikin wata bakwai, ta bari a adana, 'ya'yan marigayiya ma sun bugo waya suna tambayarsa. Jin haka Kalo ta ƙara sauri.

A gefen tulin farin yashin sabon kabarin ta tarar da Vika zaune ita kaɗai, idanunta sun kumbura. Tsohuwar ta dubi naɗin, ta dubi yarinyar.

“Mafi kauri a cikin nawa na ba ta,” ta ce. “Na san ba za ta gode ba.”

Nan kukan ya ƙwace wa Kalo. Ta yi kuka irin wanda ba ta taɓa yi ba, don ta san ba jirgi ba ne, ba Malama ba ce, ita ce ta zauna kwana uku tana lallashi. An ce mata ba a san ranar ba, ta ce kwana shida ne kacal.

Ta kwance igiyar. Zanen ya fi ƙarfin mutum ɗaya, Vika ta tashi da ƙyar ta kama ɗaya bakin, suka shimfiɗa shi a kan kabarin, suka danne gefunan da duwatsu. Vika ta murza gefen tsakanin yatsunta, ta ce wa ya yi bugun. Kalo ta ce ita ce. Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta ce hannun Sulieti ne sak.

Yayyafi ya fara sauka, rinin ya soma bin yashi. Kalo ta durƙusa ta gyara kusurwar da iska ta ɗaga.

“Kaka, na dawo miki da shi,” ta ce.