Allon Sunan Rika

Farfesa Douwe ya jingine kekensa a bakin ɗakin gilashin da jami'a ke rainon tsirrai, ruwan sama na ɗiga daga hancinsa. Ɗalibarsa Nienke tana ciki tun safe, ta ƙanƙame kundin bincikenta kamar za a ƙwace mata.

Shekara talatin da ɗaya ke nan da ya tsinko wata 'yar ciyawa mai shuɗin fure a bakin fadama, ya shaida wa duniya sabuwa ce, ya raɗa mata sunan matarsa Rika. Rika ta rasu bara waccan. Yanzu ga binciken Nienke ya nuna wani ya riga shi yi wa ciyawar suna da shekara ɗari. A ƙa'idar masana tsirrai kuwa, sunan farko shi ne suna. In ya sa hannu a kundin, sunan Rika ya fita daga littattafai. In ya ƙi, wahalar yarinyar ta shekara huɗu ta bi ruwa.

"Farfesa, in kuna so sai in cire babi na huɗu, mai maganar sunan," in ji ta.

"Ki cire? Don kada tsoho ya yi kuka?" Ya goge tabarau. "Mako uku ina farautar kuskurenki, ba zan ɓoye miki ba. Na so in kama ki. Ko ɗigo ban samu ba. Wa ya koya miki wannan taurin kai?"

"Ku ne."

Abin ya yi masa ciwo, ya kuma yi masa daɗi, har ya rasa wanne ya fi. Ya karɓi kundin ya sa hannu, sannan ya zare allon sunan daga tukunyar da aka shuka ciyawar, ya miƙa mata sabo. "Rubuta na gaskiyar. Rubutuna ya lalace."

Tana rubutu, ya fito da burodi da cukwinsa na rana, ya ba ta rabi. Takardar da aka naɗe burodin da ita kuwa, ya yanki reshe ɗaya na ciyawar ya ƙunshe a ciki.

"Farfesa, doka ta hana fita da tsiro daga nan."

"Ni na rubuta dokar, 'yata."

Ya goge ƙasar da ke jikin tsohon allon, ya sa a aljihun ƙirji.

"A tagar kicin ɗina babu mai bin ƙa'ida," ya ce. "Can sunanta Rika."