Gwangwanin Ƙananan Jajaye

Tun da mijina Yusha'u ya dawo daga kwas a Ingila da kwali guda na 'yan bulon roba, irin waɗanda yara ke haɗawa su gina gida, ban huta ba. Ya rarraba su cikin gwangwanayen madara ashirin da shida, kowane launi da nasa, ya rubuta adadinsu a kan murfi. Ciki da falo ne gare mu a Hayin Banki, amma gwangwanaye sun cinye rabin kabad. Don haushi, duk wanda na gani a ƙasa sai in share shi in zubar a bola. Ban taɓa gaya masa ba.

Ranar Asabar da hantsi na tarar da Kaltume, 'yarmu mai rarrafe, ta buɗe gwangwanin ƙananan jajaye. Tana ta tari, miyau na dalala. Na zura yatsa a bakinta, ban ji komai ba.

Yusha'u ya juye bulon a faifai.

"Arba'in ne, Dije. In sun cika, ba ta haɗiyi komai ba."

Ya ƙirga sau biyu. Talatin da bakwai.

"Malam, ni na zubar da su," na ce. "Tun watan jiya."

"Guda nawa?"

Na runtse ido ina neman ranar. Na tuna tsintsiyar, na tuna bakin ƙofar, amma adadin ya ƙi zuwa. Kaltume ta sake tari a kafaɗata.

"Biyu," na ce. "Ko uku."

Ya karɓe ta daga hannuna, ya fita neman tasi ko takalmi babu.