Allon Shagon Kawu

Idan mutum ya shafe rubutun da ke kan allon shagonsa don kada a karɓi harajin allon, gwamnati ya cuta, ko kuwa fenti kawai ya yi? Tambayar da ke cin wani mai fenti mai rubuta allunan shaguna ke nan tun farkon mako, kuma har safiyar Alhamis ɗin nan da yake tsugune yana wanke buroshi cikin gwangwanin kananzir, bai samu amsarta ba.

Gwamnatin jiha ce ta sanar a rediyo cewa kasafin kuɗinta ya yi giɓi, abin da ke fita ya fi abin da ke shigowa. Don a cike giɓin aka ƙara haraji a kan motoci da filaye, aka kuma ƙirƙiro sabo a kan allunan shaguna. Duk allon da ke da rubutu za a auna tsawonsa da faɗinsa, a biya ƙafa-ƙafa. Wanda babu rubutu a kansa kuwa, a wurin doka katako ne.

Kafin ranar Talata duk layin ya haddace wannan jimla ta ƙarshe. Mai kemis ne ya fara zuwa wurin mai fenti, ya ce a shafe masa allonsa da fari. Sai mai walda, sai mai aski. Mai fenti duk ya ƙi. Ya gaya musu cewa matarsa malama ce a firamaren gwamnati, wata uku albashi bai zo ba, kuma an ce da wannan harajin za a biya. Kowane allo ya shafe, daga tukunyar gidansa ya ɗiba. Mai aski ya ce Allah ya sa a biya, shi ma yana da masu sanƙo da ke jiran gashi ya fito. Daga nan suka tafi wurin wani mai fentin gidaje, mai aiki da rola, wanda bai damu ko harafi ne a gabansa ko ƙadangare ba. Cikin kwana biyu rabin layin ya koma fari, sai ka leƙa ciki kafin ka san ko magani ake sayarwa ko taya.

Wajen ƙarfe goma sai ga Kawu, yayan mahaifiyarsa, mai gyaran agogo da rediyo. Ya zo da ƙafarsa, gilashin aikinsa ɗaure a goshi, da wata jar takarda a hannu. Mai fenti ya miƙe ya kakkaɓe masa benci. Kawu bai zauna ba, ya miƙa masa takardar. An rubuta cewa idan ba a biya ba zuwa ƙarfe huɗu na yau, za a sa wa shagon kwaɗo.

Allon Kawu shi ne mafi girma a layin. Ƙafa goma sha huɗu ne, shagon kuwa ƙafa takwas, saura ya hau rufin maƙwabci. Mai fenti ne ya yi shi yana ɗan shekara goma sha tara, shi ne aikinsa na farko. Kawu ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsa, shi ya saya masa buroshin farko, shi kuma da ya tashi godiya sai ya auna allon da girman abin da ke ransa maimakon girman shagon. Ya zana agogon bango a gefe ɗaya, rediyo mai eriya a ɗaya gefen. Yanzu tef ɗin awo ya bi ta kan godiyar nan, kuma abin da ya fito ya fi abin da Kawu ke samu a wata shida, tunda mutane sun koma duba lokaci a waya.

Kawu ya ce ya zo ne a shafe allon. Mai fenti ya sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri, ba zai iya ba, ya riga ya ƙi wa mutum uku, amma zai san yadda ya yi ya biya.

"Da me? Da kananzir?" in ji Kawu.

Mai fenti ya ce ai mai rola yana nan a bayan layi.

"Mai rola ba zai taɓa min allo ba. Wanda ya rubuta ya shafe, ko su rufe." Kawu ya karɓi takardarsa ya ninke ta huɗu, ya tafi.

Mai fenti ya kulle shago ya hau bas zuwa ofishin haraji. Ƙanin matarsa, Auta, a can yake aiki, kuma shi aka ba layinsu da tef ɗin awo. Ofishin ɗaki ne dogo mai teburi shida da fanka ɗaya wadda ta daina juyawa, an jera fayil-fayil a kan kujerun baƙi. Auta ya kwashe na kan kujera ɗaya ya ɗora a cinyarsa, ya ce Yaya ya zauna.

Suka gaisa, aka tambayi gida. Mai fenti ya kewaya ya kewaya, sannan ya tambaya ko tef ɗin nan ba ya kuskure, ko ƙafa goma sha huɗu ba za ta iya zama shida ba a takarda.

Auta ya dube shi na ɗan lokaci. "Yaya, ka ƙi shafe allo don kada a cuci gwamnati, shi ne ka hau bas ka zo in rage mata awo?"

Mai fenti ya ce ba haka yake nufi ba, amma da ya nemi abin da yake nufi bai samu ba. Auta ya ce ko ya so ba zai yiwu ba, domin an ɗauki hoton allon, kuma ogansu ya san shi, tun yana ɗalibi yake kwatance da shi. Ya jawo durowa ya nuna masa kwaɗo guda goma masu ƙyalli, ya ce su kaɗai ne sabon abin da aka saya wa ofishin a bana. Shi ma wata uku ke nan yana zuwa aiki a kan alkawari. Ƙarfe huɗu zai je, kuma abin da ya tarar a bango shi zai rubuta. In rubutu ne, kwaɗo. In fari ne, katako.

Yana fita oga ya tare shi a baranda, ya ce dama yana neman mai rubutu, suna son babban allo a ƙofar ofis da zai tunatar da jama'a biyan haraji. Mai fenti ya tambaya ko shi ma za a auna shi. Oga ya ce allon gwamnati ba ya biya. Kuɗin aikin kuwa, da zarar giɓi ya cike.

Ya biya ta makarantar matarsa an tashi ɗalibai. Ya same ta ita kaɗai a aji tana duba littattafai da jan biro, takalmanta a ajiye ƙarƙashin teburi. Ya zauna a kan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, ya kwashe komai ya gaya mata. Ya ce idan ya shafe ya ci haƙƙinta da na duk malaman jiha, idan bai shafe ba ya rufe wa wanda ya riƙe shi shago. Ta ci gaba da makin littafi. Ta ce ita lissafi take koyarwa, in aka raba harajin allon Kawu ga malaman jiha, rabonta ba zai sayi guntun alli ba. Ya ce idan kowa ya faɗi haka fa? Ta ce kowa ya riga ya faɗa, ya je ya dubi layinsu.

Sannan ta rufe biron ta dube shi. "Ka daina jingina abin nan da ni. Ni ban ce ka ƙi ba. Kai dai ba ka son ka ga fari ya hau kan aikinka ne."

Ta ce in zai dawo gida ya taho da sabulu.

Ƙarfe uku da rabi ya isa shagon Kawu, hannunsa babu komai. Kawu na zaune a waje kan kujerarsa ta ƙarfe, da kwali a gabansa. Ya kwashe agogunan mutane da rediyoyinsu ya jera a ciki, kowanne da 'yar takarda ɗaure da zare, don kada a kulle da kayan da ba nasa ba. Nasa kayan aikin, su sukundireba da ƙananan kwalabe, ya bar su a kan teburi yadda suke kullum. Ya gusa dai ya ba mai fenti wuri a inuwa.

Mai fenti ya ja baya zuwa tsakiyar titi ya ɗaga kai. Shuɗin fentin allon ya koɗe, eriyar rediyon ta ɓace a tsatsar kusa. Harufan farko manya ne, na ƙarshe sun matsu da juna, don a lokacin bai san ana auna wuri kafin a fara ba. Wani mai babur ya yi masa hon, ya koma gefe. Ya ƙara duban kwalin, sannan ya juya ya nufi shagonsa da sauri.

Ko da ya dawo ɗauke da tsani a kafaɗa da bokitin farin fenti, Auta ya riga ya iso, jaka a hammata. Ya rusuna ya gaida Kawu, ya ciro waya ya ce saura minti biyar. Kawu ya leƙa cikin shago, ya dubi agogon da ke rataye a bango, ya ce shi a wurinsa saura minti ashirin da biyar.

"To, na Kawu ya fi," in ji Auta. "Shi ne mai gyara." Ya mayar da wayar aljihu.

Mai fenti ya jingina tsani. Ƙasar ba ta daidaita ba, ƙafa ɗaya na rawa. Auta ya ajiye jakar kwaɗo a kan kwalin agoguna, ya zo ya dafe tsanin da hannu biyu. Mai aski ya fito bakin ƙofarsa da almakashi a hannu, ya tsaya yana kallo.

"Ka yi shafi biyu," in ji Kawu daga ƙasa. "Kada a yi ruwa ya fito."

Mai fenti ya hau mataki shida, ya rataye bokitin a ƙugiya. Ya tsoma buroshi, ya goge gefensa a bakin bokiti yadda ya saba in zai fara rubutu. Sannan ya fara daga ƙarshen allon, inda harufan suka matsu.