Kwalbar Umma

Ruwan da Umma ta kurɓa bai wuce maƙogwaronta ba, ta hanci ya dawo. Auta ya ajiye kofin, ya goge mata haɓa da gefen zaninta. Fatar idanunta ta sauko ta rufe su, ba don barci ba.

Ciwon ya daɗe a jikinta. Likita ya ce tsokokinta ne ba sa karɓar saƙo yadda ya kamata, ya rubuta mata wata farar ƙwaya, ya ja kunne: a sha a kan lokaci, kafin abinci, kada a ƙara, kada a rage. Da ƙwayar nan Umma ta koma kan keken ɗinkinta, har ta samu bakin yi wa babbar 'yarta, Yaya, faɗan wanke-wanke. Auta ne mai miƙa mata.

* * *

A wajen lodin siminti bakinsa ya suɓuce. Ya ba 'yan dako labarin yadda tsohuwarsa ke miƙewa in ta sha. Guntu, wanda ba ya taɓa buhu sai ya haɗiyi wani abu, ya ce abin da ya tayar da tsohuwa ai zai sa saurayi ya ɗauki motar simintin ita kanta. Suka sa shi a gaba, wai ɗan Umma rowar ƙarfi yake yi musu.

Washegari ya kwashe fiye da rabin kwalbar, ya cike gurbin da farin maganin ciwon kai, ya girgiza.

Ya raba musu, amma babu wanda ya ga ƙarfi. Murɗar ciki suka samu, da gumi, da layi a ƙofar bayi. Aka sha dariya, Guntu ya watsa sauran a kwata.

Kwalba ta koma kan taga a cike. Ran da Umma ta dace da ta gaske, sai ta ci abinci. Ran da ba ta dace ba, cokali ma ya fi ƙarfinta. Kullum Auta sai ya shirya faɗin gaskiya a hanya, da ya ga fuskar Yaya sai ya haɗiye.

* * *

Da numfashinta ya fara gajarta suka kai ta asibiti. Likita ya tambaya ko tana tsallake magani. Yaya ta ce ko sau ɗaya. Umma ta yi ƙoƙarin magana, muryar na fita ta hanci.

"Autana... ba ya mantawa."

Likita ya gyaɗa kai, ya ce ke nan ciwon ne ya yi gaba, zai ƙara mata yawan ƙwayar. Amma a kiyaye, in ta yi yawa ita ma tana iya tsayar da numfashi. Ya ɗauki biro.

Auta ya zaro kwalbar daga aljihu, ya juye ta a kan tebur.

"Ba duka ne naka ba, likita."

Likita ya ce ya ware masa na gaske. Auta ya sunkuya yana tura su da ɗan yatsan da siminti ya tsattsaga, duk farare, duk zagayayyu, idonsa ya cika har ba ya ganin ɗan rubutun da ke jikinsu.

Daga kan gado Umma ta tambayi Yaya me ya zube. Ta yunƙura ta juyo da kanta wajensu, wuyan ya ƙi.