Rijiyar Mainassara Ta Yi Shiru

Shekarar da kumandan, mai mulkin Magarya, ya matsa wa kowa sai ya shuka gyaɗa, gero ya yi wuya har dusa ta koma abincin mutane. Mainassara marini ne a Guci, kuma rijiyar rini ɗaya ce ta rage masa da rai. Tun zamanin ubansa ba a taɓa kwashe ta ƙaf ba, kullum akan bar tsohon ruwa a gindi, a ɗora sabon baba da toka. Da dusa yake ciyar da ita. To yanzu ga yara ga rijiya, kuma ba rijiya ce ke kwana tana kuka ba.

Sai ya jiƙa ruɓaɓɓen dabino ya zuba mata. Rijiya ta yi tsit. Babu kumfa, babu wari, ya tsoma ƙyalle ya fito kamar an wanke shi a tabki. Kullum ya motsa ta da muciya har kafaɗunsa su yi tsami, ya koma gida jiki a mace.

Ran kasuwa Labbo, ɗan ƙanwarsa da ke aiki a likitar Magarya, wato asibiti, ya biyo gaisuwa. Ya leƙa rijiyar ya ce, "Kawu, ba mutuwa ta yi ba. Akwai 'yan halittu a ciki, ido bai ganinsu. In an sake musu abinci, sai su dakata, su ajiye kayan cin dusa, su kintsa na cin dabino. Ka ƙara musu haƙuri."

"Haƙuri?" in ji Mainassara. "Ɗana, ni ma an sake mini abinci, wa ya ba ni lokacin kintsawa?"

Ya dai jira, amma jiran mai yunwa ba ya nisa. A wajen marina, rijiyar da ta mutu ba a barinta ta kwana da yawa, kwashe ta ake, kar ta shafa wa karofi mugun ƙashi. Maƙwabta suka fara yi masa jaje a hanya, shi kuwa ya gaji da amsawa.

Da hantsi ya ɗauki guga ya hau kwasa, yana sheƙarwa a rairayi. Bai duba ba, bai sansana ba, so yake kawai a gama. Sai da ya shiga ciki yana kankare gindin, wani wari da ya sani tun yana yaro ya bugi hancinsa. Ya ɗaga hannuwansa. Kore ne shar, yana kallo iska ta mai da su shuɗi. Ashe rijiyar ta riga ta farfaɗo.

Ya fito da ƙyar. Abin da ya rage a ƙasa bai cika ƙwarya ba. Ya zauna a bakin rijiyar yana kallon rairayin da ya shanye ruwan ubansa yana rinewa sannu a hankali.