Tsumman Maman Tina

Ni na jefar da bargon Hephzibah, da hannuna, kuma a lokacin ji nake aikin Allah nake yi. Gara in faɗa tun farko, don a unguwarmu ta Woolwich, nan London, kowa na ba da labarin yadda ya ga dama. Mu biyar muka je, gaskiya ne, amma ni Dokas na ɗaure bakin ledar.

Shekara talatin muna tare da Hephzibah: cocinmu ɗaya, Zumuntar Matanmu ɗaya, kuma duk daga Jos muka fito. Mijinta Dachung direban bas ne. Da ya yi ritaya bara sai ya tashi da wata magana, wai shekara ashirin da shida yana wuce duk abin kallon da ke London amma bai taɓa sauka ya kalli ko ɗaya ba, sai dai ya hango ta gilashi yana faɗa da masu keke. Suka bar wa 'yarsu Tina da mijinta gida, suka sayi wata farar mota mai gado da murhu da banɗaki a ciki, suka tare a wani filin da ake ajiye irin waɗannan motoci a bayan Abbey Wood.

Hephzibah ta gaya mini, ban ce ba ta gaya mini ba. Ta ce, "Maman Choji, holiday muke yi." Na ce to. Amma wa ya taɓa jin an yi hutun wata takwas a garin da mutum yake zaune? Mu dai inda muka taso, in aka ce magidanci ya koma kwana a mota da matarsa, ba a tambayar ko suna jin daɗi, tukunya ake ɗorawa.

Sai ga hotuna. Kullum Dachung sai ya turo a zauren WhatsApp na coci. Yau yana Greenwich ya raba ƙafa a kan wani layi, wai ya tsaya a gabas da yamma lokaci guda. Gobe yana gidan tarihi ya jeru da ƙasusuwan wata dabba. Na ce wa mata, kun gani ko, ba su da wurin zama da rana, ɗumi suke bi. Kuma a kowane hoto, can gefe, ga Hephzibah a kan benci ta sunkuyar da kai tana ɗinki. Ran nan na ja hoton da yatsu biyu ya ƙara girma. Faci take yi. Ƙananan ƙyallaye, wannan ja wannan kore, tana harhaɗa su da allura. Hephzibah mai akwati uku na atamfa ta koma ɗinka tsumma don su samu abin rufa.

Ban yi shawara da kowa ba sai da na gama kukana. Ranar Juma'a da safe muka shiga jirgin ƙasa mu biyar daga Zumuntar Mata, da kular gwate, da tuwon acha da miyar karkashi, da sabon bargo mai laushi ko ledarsa ba a cire ba.

Dachung kaɗai muka tarar, ya ce Hephzibah ta tafi Deptford sayen zare. Na ce, "Baban Tina, ba sai kun ɓoye mana ba. Mun san komai."

Ya dube ni, ya dubi kular, ya ce, "Hmm. Rayuwa ce, Maman Choji."

Daga baya ne na ji dalilinsa. Ashe duk lokacin da Hephzibah ta soya manja a motar sai ƙararrawar hayaƙi ta tara musu maƙwabta, don haka wata takwas bawan Allah yana fama da burodi da miyar gwangwani. Ya ɗauki kular ya fita waje, ya zauna a kujerar naɗewa ya ba mu baya. Ko rufin motar muka cire ba zai waiwayo ba.

Tsumman na shimfiɗe a kan gado, babba, har ya sauko ƙasa, da allura a soke a gefe. Ban tsaya kallonsa ba, don kunya nake ji a madadinta. Na nannaɗe shi na cusa a baƙar leda, muka shimfiɗa sabon bargo, muka yi addu'a. A hanya na ce kada mu bar shi inda za ta ɗauko. Akwai wani akwatin ƙarfe a filin ajiye motoci na wani babban kanti, inda ake zuba tsofaffin tufafi don sadaka. Nan na jefa shi, na ji ya faɗa ƙasa tim.

Ko jirgi bai iso ba wayata ta yi ƙara.

"Maman Choji, ina quilt ɗina?"

"Ina me?"

"Bargon da ke kan gado."

Na ce, "Maman Tina, kada ki ji kunya, yanzu kina da sabo."

Ta yi shiru. Na san Hephzibah, in tana masifa da sauƙi, in ta yi shiru ne ake neman wurin ɓuya. Can ta ce, a hankali, "Wata bakwai ina ɗinkinsa da hannu. Na jaririn Tina ne, saura sati uku ta haihu. Zanen Mama na tsakiya." Mahaifiyar Hephzibah ta rasu a Jos lokacin da ita ba ta da takardun da za ta je ta dawo. Zane ɗaya aka aiko mata, ni na karɓo shi daga hannun mai kawowa. Na gaya mata inda na jefa shi, muka bar tasha muka koma can.

Minti ashirin farar motar ta iso filin kantin, Dachung na tuƙi da ɗigon gwate a gaban riga. Hephzibah ta sauko ba ta kalle ni ba. Dachung ya buga lambar da ke jikin akwatin, aka ce masa mai kwashewa na zuwa yau da rana, kuma in kaya suka shiga babbar ma'ajiya shi ke nan, ɗaure su ake yi a tura Afirka. Ya ce, "To, in ya wuce mu sai mu je kasuwar Katako a Jos mu saye shi a gwanjo." Babu wadda ta yi dariya.

Na ce ba zan jira ba. Akwatin irin mai baki ne kamar aljihun tebur, in ka ja ya buɗe, in ka tura ya juye kaya ciki. Na sa mata biyu suka riƙe ni, na zura hannu har kafaɗa da lemar Dachung, ina lalube. Na kamo wandon wani ƙato. Na kamo takalmi ƙafa ɗaya. A karo na uku bakin ya rufe da ɗankwalina, ya haɗiye shi, na tsaya a tsakiyar fili da kitson sati biyar a waje, Turawa na tura kekunan sayayya suna yi kamar ba su gan ni ba.

A haka mai kwashewa ya same mu. Ya sauko daga motarsa, ya ji muna Hausa, sai ya washe baki. Sunansa Osmanu, mutumin zangon Kumasi. Ya dube ni ya ce, "Mama, mi ya faru? Kai ne ka faɗa ciki, ko kayanka?"

Na ce, "Ɗana, kayan ne, amma ni ma saura kaɗan."

Ya buɗe ƙofar akwatin da mabuɗi. Baƙaƙen ledoji sun fi arba'in, duk kamarsu ɗaya. Muka durƙusa muna kwancewa. Ta goma sha bakwai ce, na gane ta da irin ƙullin da nake yi.

Hephzibah ta karɓa, ta warware shi a kan murfin motarsu tana duba ko ya yage. Sai a lokacin na kalle shi da idona. Ɗinkin ƙanana ne, a jere kamar ƙwayar acha, ya ratsa ƙyalle da audugar ciki har zanen baya. Wata daga cikinmu ta ce, "Kai! Wannan ba ankon bikin 'yata ba ne?" Wata ta ce ga na sunan jikanta. Ga na ranar da aka buɗe cocinmu, wanda ya zuba a wankin farko ya ɓata wa kowa farar riga. Ashe duk ankon da muka yi a London cikin shekara talatin, na aure da na suna da na jana'iza, ta yanko ɗan murabba'i daga nata ta haɗa.

Ta ce, ba da ni take magana ba, "Yaron nan a nan za a haife shi, Turanci zai riƙa ba mu amsa. Na ce ko bai san sunayenmu ba, ya kwana a cikin mutanensa."

Zanen mamanta na tsakiya, shuɗi mai ganye. Manne da shi, ta hannun dama, na ga ruwan ƙasa mai tsuntsaye. Ankon jana'izar mijina Mordecai ne. Nawa na kasa sake ɗaurawa, shekara tara yana ƙasan akwati. Ita kuwa ta sa shi kusa da uwarta. Na fashe da kuka, kukan gaske mai majina, ga kai ba ɗankwali.

Na ce, "Maman Tina, ki yafe mini. Na ɗauka wahala ce ta same ku."

Ta ce, "Wahala ta same mu mana. Yau da safe ta zo, su biyar."

Osmanu ya juya baya yana tari. Dachung ya ce shi dai a bar masa kular.

A kusurwar ƙasa akwai gurbi ɗaya da ba a cike ba. Hephzibah ta shiga mota ta fito da almakashi. Ta tsaya a gabana ta kalli zanena, sabuwar atamfa, ranar na fara ɗaura ta don zuwa aikin taimako.

"Tsaya da kyau," ta ce.

Ta durƙusa ta yanke tafin hannu guda daga bakin zanen, daidai gaba inda kowa zai gani. Ta gwada shi a gurbin, ya zauna daram. Sannan ta zare allurar da ke soke a gefe, ta miƙo mini.

"Ke za ki ɗinka. In ya yi girma ya tambaya wannan na wane biki ne, ke za ki ba shi amsa."